Ƙullin da Na Kwance a Kwarin Goruba

Edita, assalamu alaikum. A shekarar da aka canja kuɗi daga fam zuwa naira, ni matashiyar mace ce mai 'ya'ya biyu, ina aure a wani ƙauye tsakanin Sule Tankarkar da Maigatari. Abu biyu aka san ni da su: hannu da baki. Idan na ɗinka faifai ko na saƙa tabarma, ko a cikin kaya ɗari aka zube su a kasuwar Maigatari ana tsame nawa, har mutanen Damagaram sukan ce a ajiye musu. Baki kuwa, Allah ya yafe mini, ban iya barin magana ta kwana a cikina ba. Ina ji da kaina ƙwarai a lokacin, kuma wannan jin kan ne ya kai ni ga abin da zan faɗa.

Sana'ar a wurin mahaifiyata na gaje ta. A bayan ƙauyenmu akwai wani kwari cike da kaba, wato ƙananan goruba da ba su kai ga yin itace ba, waɗanda ganyensu muke yanka mu tsaga mu yi aiki da shi. Akwai wata ƙa'ida da muka tarar iyayenmu suna bi. Mace za ta duba gindin kabar da take yanka, ta zaɓi tohon da ya fi ƙarfi, ta ƙulle bakin ganyensa. Shi ke nan, wannan ya haramta ga lauje. Ba mai taɓa shi, ko ita mai ƙullin, sai dai duk shekara ta sabunta ƙullin a sabon ganye har ya miƙe ya zama goruba. Inna takan ce mana kabar da ake yanka kullum ba ta tashi, kuma goruba ce ta riƙe su da rai a wata yunwa da aka yi tana yarinya, ana daka bayan 'ya'yanta ana damawa yara. Kafin ta rasu ta bar ƙulli tara a gefen gayaunarta. Bahaguwa ce, saboda haka ƙullinta a juye yake, kowa ya gani ya san nata ne. Damina ɗaya kawai da rasuwarta, ƙulle-ƙullen suna nan yadda hannunta ya bar su.

Shekarar nan ruwa ya ɗauke, gero ya tsaya a gwiwa ya bushe. Maza suka fara zarewa zuwa cirani, mu kuma muka koma dafa dusa da ganye. Ana cikin haka sai ga wani ma'aikaci daga Gumel a mota, tare da wata Baturiya mai shago a Kano, wadda ke aika kayan hannu ƙasarsu. Shi ne tafintanta, shi ne kuma mai tara mata kaya. Ta ɗauki faifaina tana juyawa tana shinshinawa, ta tambayi da me na rina. Na ce ja da karan dafi, baƙi da laka, ban taɓa sa galura ba. Sai ta hau murna kamar an yi mata bushara. Tafintan ya ce mana a ƙasarsu an gaji da kayan inji, ana son abin da aka yi da hannu ba tare da an cuci ƙasa ba, kuma ba za ta taya mana kaya tayin wulaƙanci ba, yadda muka yanka farashi haka za ta saya. Gaskiya ɗaya ce, ba ta taɓa cutar mu a ciniki ba. A nan take aka naɗa ni shugabar matan ƙauye, ni zan duba aikin kowa kafin a loda. Wallahi ranar ƙafata ba ta taɓa ƙasa ba.

Kaya na farko da na biyu suka tafi lafiya, hatsi ya shiga gidaje. A na uku sai tafintan ya zo da sabon zance, wai manyan tabarmi ake so, farare sol, masu dogon zubi ba haɗi, kuma kafin wata biyu. To a ina za a samo doguwar kaba? Fari ya takure ta, awaki sun gwaigwaye ta, mu kuma mun aske sauran. Doguwa fara tana wuri ɗaya ne tak, a tsakiyar masu ƙulli, ganyen da bai buɗe ba tukuna. Kwana uku ina zagaya ƙulle-ƙullen Inna ina komawa gida hannu wofi. A rana ta huɗu shaiɗan ya ba ni wata dabara da na ɗauka wayo ce. Na ce a raina abin da aka hana shi ne yanka mai ƙulli, to idan na kwance ƙullin ai ba mai ƙulli ba ne kuma. Na sa yatsu na warware na farko, ganyen ya bushe har yana karyewa a hannuna, na zura lauje can cikin zuciyar na zaro. Hantsi ne, ido na ganin ido, ba a ɓoye na yi ba. Kafin azahar na gama da takwas. Na taran kuwa da na kai hannu sai rina suka taso daga sheƙarsu suka harbe ni a wuya da fatar ido, na gudu ina zaginsu.

Mata suna gani shugaba ta yi, 'yar mai ƙullin da kanta, ai sai kowa ta ɗauki laujenta. Wadda ba ta da ƙullin uwa ta kwance na kishiyar uwa, wadda ba ta da ko ɗaya ta kwance na maƙwabta. Tabarmin suka fito, kai, ban taɓa yin aiki mai kyau kamarsu ba. Amma kaba ba ta yafe wanda ya taɓa mata zuciya, balle a shekarar da ba ruwa. Wata guda kwarin ya koma kututture-kututture, iska tana tara yashi a kansu. Ni kuwa na daina bin ta wurin, idan zan je rijiya sai in zagaya ta bayan masallaci.

Wata safiya ƙanwar mahaifiyata ta zo daga ƙauyensu a ƙafa. Ba ta zauna ba, ba ta sha ruwan da na kawo ba. Ta kama hannuna ta buɗe tafin, ta ɗora mini wani busasshen guntun ganye da ta tsinto a kwarin, har yanzu da lanƙwasar ƙullin nan a juye. Ta ce ta zo ta gai da 'yar'uwarta ne, tunda abin da ya rage mata nata a duniya ke nan, sai ta tarar an riga ta. Ta tambaye ni wa ya yi. Na buɗe baki zan kawo zancen yunwa da yara, sai ta ce ba ta tambaye ni dalili ba, suna take tambaya. Ni mai bakin nan, sai na sunkuyar da kai ina kallon guntun ganyen da ke tafina. Ta juya ta tafi, na bi ta har bakin gari ina kiran Inna ƙarama, ba ta waiwayo ba.

Bayan mako biyu Baturiyar ta dawo da tafintanta ɗaukar kaya, mata suka taru a ƙofar gidan mai gari. Ya fito da wasu 'yan takardu masu zare da za a rataya wa kowace tabarma, da hoton hannuna ina saƙa. Ya karanta mana da Hausa yana washe baki, wai an rubuta cewa matan wannan ƙauye suna aiki da hikimar kakanninsu, suna ɗibar ganye ba tare da sun kashe itace ko ɗaya ba. Ashe labarin ƙullin da na ba ta tun zuwanta na farko, ina alfahari, shi ta sa aka buga. Na ce ya maimaita. Ya maimaita. Na ce ya gaya mata ƙarya ce. Ya yi dariya ya ce Hajiya a bar wasa, ni da ko Kano ban taɓa zuwa ba balle Makka. Na ce ba wasa nake ba, ya faɗa mata. Ya sassauta murya ya ce in tuna da cikin 'ya'yana da na matan da ke bayana, takarda ce kawai, waɗanda za su karanta ba za su taɓa taka Gumel ba balle ƙauyenmu. Na ce ai ni na taka, kuma ba za a rataya ƙullin uwata a wuyan ƙarya ina tsaye ba. Da na ga ba zai fassara ba, sai na cafki hannun matar nan na ja ta, tana tuntuɓe da takalmanta, mata suna bin mu suna salati, har kwarin. Na nuna mata kututturan, na nuna mata guntun ƙullin da ke ɗaure a bakin zanena, na buga ƙirjina da hannu don ta san wa ya yi. Ba ta buƙaci tafinta ba.

Ta karɓi tabarmin da aka riga aka gama, ta ce kada a rataya takardun, kuma ba za ta ƙara sayen kaba a wurinmu ba sai kwarin ya farfaɗo. Ba ta sake dawowa ba, daga baya muka ji ta rufe shagon ta koma ƙasarsu. Abin da ya biyo baya ba zan ɓoye shi ba. Yunwa ta dawo gidajen da ta fara fita. Gida huɗu suka tashi gaba ɗaya, biyu ba su dawo ba har yau. Aka sa mini suna mai zubar da tuwon gari, idan na zo rijiya sai a janye guga. Aminiyata da muka tashi tare ta ce tunda tsarkina ya fi ran yara, in ci tsarkin in ƙoshi, kuma ba ta ƙara yi mini magana ba har ta koma ga Allah. Maigidana ya sayar da jakinsa da yake kai kaya Maigatari, bai taɓa yi mini gori ba, amma ya yi wata guda ba ya haɗa ido da ni. Na yi kuka a shekarar nan fiye da na rasuwar Inna.

Abin da ya rage shi ne na taran nan da rina suka hana ni. Na saro ƙaya na kewaye shi, na yi masa sabon ƙulli, na juya hannu na yi shi a bahagonce duk da ni ba bahaguwa ba ce. Wata rana aka zo aka ce mini wasu mata sun nufi can da laujuna, wai tunda na hana kowa ci to nawa ma ba zai tsaya ba. Na riga su isa, na zauna a bakin shingen da goyo a bayana. Na ce musu ni na fara ɓarnar nan, duk zagin da za su yi mini na cancanta kuma na karɓa, amma wadda za ta taɓa wannan sai dai ta fara sare ni. Muka yi cirko-cirko har la'asar. Mai gari ya zo ya ce shi dai a saninsa ba a taɓa yanka mai ƙulli a garin nan ba sai bana, kuma bana ta wuce. Suka watse suna tsaki.

Yanzu na tsufa, wannan wasiƙar ma da ɗan abin da na samu a ajin yaƙi da jahilci nake lallaɓa ta. Har gobe akwai masu cewa da na yi shiru ranar nan da ƙauyenmu ya zama wani abu. Su je su yi ta faɗa. Ina nadamar hantsin da na kwance ƙulli, nadamar da za ta bi ni kabari, amma ban taɓa nadamar ranar da na ja hannun Baturiya ba, kuma da za a mayar da ni can sai na ja ta da ƙarfi fiye da haka. Abin da na koya shi ne mai saye, kome adalcinsa, kaya yake gani, ba ya ganin inda aka yanko su. Ke mai lauje ke kaɗai kika sani. Na ji an ce masu irin wannan ciniki sun dawo da daɗin bakinsu na kayan gargajiya da kare daji. Ban ce a kore su ba, 'yan'uwana masu saƙa da ɗinki, ku sayar, ku kuma sayar da daraja. Amma duk ranar da aka nemi abin da ba zai samu ba sai kun kwance abin da iyayenku suka ƙulla, ku ce babu, ko da cikinku na kuka. Kuma kada wadda ta yaudari kanta da irin wayon da na yi.

Gorubar nan tana nan, ta yi rassa huɗu, daga hanyar Maigatari ana hango ta. Jikokin matan da suka zo sare ta su ne ke jifar 'ya'yanta, ban taɓa hana su ba. Baƙi idan sun zo sukan ce Allah ya yi wa wadda ta raya ta albarka, sai in ce su yi wa mahaifiyata addu'a dai. Tara ta bari. Har yau ina iya taka inda takwas ɗin suke ido rufe, kuma ɗayar da ta tsira ma ba ni na bar ta ba, rina ce ta fi ni sanin darajar uwata.