Japanancin Darsinah

Duk wanda ya saba bi ta lungun masu batik, wato zanen ƙyalle da kaki da rini, a garin Pekalongan na Indonisiya da hantsi ya san muryar Darsinah. Tsohuwa ce 'yar firit, kullum tana kan 'yar kujerarta gaban tukunyar narkakken kakin zuma, tana zane a kan ƙyalle tana surutu ita kaɗai da wani yare da ko kajin gidan ba su gane masa ba. Baƙo sai ya ɗauka ta zautu. Lafiyarta ƙalau. Japananci take koyo, ba malami ba makaranta, kuma sai da ta ba shekara sittin baya ta fara.

'Ya ɗaya Allah ya ba ta, Ningrum. Yarinyar ta tafi Japan aikin jinyar tsofaffi, can ta haɗu da wani mai suna Noboru, ya musulunta aka ɗaura musu aure, ta haifi 'ya mace aka sa mata Kotone. Ba a rufa shekara ba ciwo ya kama Ningrum, irin wanda likita kan sunkuyar da kai kafin ya faɗi sunansa. Ta ce a mai da ita gaban uwarta. Duk watannin da ta yi a kwance, Darsinah ce ke rataye da jaririyar a zani, hannu ɗaya na jijjiga, ɗaya na dama wa mara lafiya kunu. Bayan sadakar arba'in Noboru ya ɗauki 'yarsa suka koma. Darsinah ba ta hana ba, ai 'yarsa ce. Sai dai ta daɗe tana jin nauyin yarinyar a kwankwasonta.

Noboru ɗan halak ne, wannan ba a ja. Da zai sake aure sai da ya gaya mata, ta kuwa sa albarka. Kowace Sallah yana kira a waya, irin kiran da ake ganin juna. Kotone ta zo ta ɗaga hannu, ta zuba zance, ta ruga. Shi kuwa uban, abin da ya iya na yaren su Darsinah bai wuce gaisuwa da godiya ba.

"Me ta ce?" Darsinah ta tambaye shi wata Sallah.

"Ta ce... lafiya."

Haba! Yarinya ta yi ta zuba kamar an buɗe famfo, a ce duk "lafiya" ce? Ran nan Darsinah ta rantse ba za ta mutu ba sai ta ji jikarta da kunnenta, ta kuma ba ta labarin uwarta da bakinta.

Maƙwabciyarta Karmi, wadda suka girma tare kuma take yi mata rini, har da riƙe ciki don dariya.

"Tsofai-tsofai da ke? Ke da ko sunan maganinki na hawan jini ba ki iya faɗa ba? Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi."

"Gemu ba ya hana ilimi, Yaya Karmi."

"To ina gemun? Bari dai ya fito tukuna."

Ta sayo tsofaffin littattafai a rumfar gwanjo, ta samo darussa a waya. Tana wanke shinkafa tana maimaitawa, tana shara tana maimaitawa. Duk abin da idonta ya sauka a kai sai ta kira sunansa: tukunya, ƙofa, ruwan sama, kyanwar Karmi. Ƙananan baƙaƙen ba su ba ta wahala sosai ba. Kanji ne suka nemi kashe ta, manyan baƙaƙen nan da kowanne yake da ma'anarsa, ga su dubbai, wani kamar an taka gizo-gizo. Ta rubuta da biro da safe, kafin la'asar ya gudu. Har kuka ta yi, ta jefar da littafin bayan kabad, ya kwana biyu a can.

Sai ta ce, to, tun tana 'yar shekara tara take zana fure da tsuntsu, ba ta taɓa manta ɗaya ba, don me wannan zai gagare ta? Ta ɗauko canting, ɗan ludayin jan ƙarfen nan mai siririn baki da ake zane da shi, ta ɗebo kaki mai zafi, ta hura bakin kamar yadda aka saba, ta zana baƙin a kan guntun ƙyalle, layi bayan layi yadda littafin ya tsara. Ta juya ƙyallen ta bi ta baya, don mai batik ba ta barin fuska ɗaya. Wanda duk ta zana haka ya zauna daram. Kafin a jima igiyar shanyarta ta cika da guntaye: dutse, kogi, uwa, dawowa. Shekarar da ruwan teku ya shigo lungun har gwiwa, littattafan ta fara ɗorawa kan kabad, buhun shinkafa ya jiƙe. Karmi ba ta bar ta ta huta da wannan gorin ba.

Magana kuwa ba a koyonta da bango. Da ta ji an ce Japanawa sun zo sayen batik a kasuwa, sai ta yafa mayafi ta bi su. Na farkon ta yi masa gaisuwar dare da rana tsaka. Wani ta riƙe shi da hira har shayinsa ya huce, matarsa na jan hannun rigarsa. Ko a jikinta. Duk wannan Noboru bai sani ba, don so take ta ba su mamaki.

Kotone na da shekara tara kunnen Darsinah ya buɗe. Ranar Sallah ce, ta ci kwalliya, ta shirya jimlolinta tun jajibere. Waya ta yi ƙara, ga yarinyar, idanun Ningrum sak. Kafin tsohuwa ta buɗe baki, Kotone ta waiwaya ta ƙwala kira:

"Mama! Zo ki gaida tsohuwar nan mai batik, wadda Baba ya sani a Indonisiya!" Ta kuma rage murya ta ce da uban, "Baba, wai me ya sa kullum in ta gan ni sai ta yi kuka?"

"Tsufa ne. Gaishe ta da kyau."

Ba kalmar da ta wuce Darsinah. Ana cewa rashin sani ya fi dare duhu, amma wallahi ran nan ta so a ce a duhun aka bar ta. Ashe yarinyar ba ta san Darsinah kakarta ce ba, ba ta ma san an yi wata Ningrum a duniya ba. Sai tsohuwa ta ce da Japananci a hankali, "Kotone, kin girma. Yaya makaranta?" Yarinyar ta yi tsalle don murna. Noboru kuwa fuskarsa ta yi fari fat.

Da aka yi hutun makaranta sai ga shi da 'yar. Ya bari Karmi ta ja Kotone zuwa wajen rini, sannan ya durƙusa a tsakar ɗaki, goshinsa har tabarma.

"Inna, na cuce ki. Tun tana 'yar shekara biyu matata ke rainonta. Mun ce sai ta yi wayo mu gaya mata, kullum muna cewa baɗi. Matata ba ta haihu ba, tsoro take ji. Ina roƙonki, ki ba mu lokaci kaɗan."

Ita ce hira ta farko da Darsinah ta gane daga farko har ƙarshe ba tare da ta ce a maimaita ba.

"Tana kula da ita?"

"Kamar ranta."

"To tashi. Ɗana ba ya durƙusa mini haka sai ranar Sallah."

Karmi da ta ji sai ta hau bambami. "Ke dai an yi sakarya! Shekarun nan da kika yi kina yi wa kaji turancin Japan, don me? Jininki ce. Ki faɗa mata mu ga wanda zai ɗaure ki!"

"In faɗa mata, jibi su hau jirgi, wa zai share mata hawaye a can? Ni?"

Karmi ta yi tsaki, amma ita ce ta taya ta sauke hoton Ningrum daga bango.

Kwanakin nan Darsinah ta sha hira har ta ƙoshi. Ta ji sunan ƙawar Kotone da wadda suke gaba da ita, ta ji ba ta son karas. Ta koya mata riƙe canting, kaki ya ɗiga mata a yatsa ta yi ƙara. Kotone na yi wa Japanancinta dariya, wai kamar na mai karanta labarai, tana gyara mata. Tsohuwa na cewa, "Ja'ira, ni za ki koya wa magana?"

Ranar Alhamis da la'asar Darsinah ta ɗauki furanni da butar ruwa za ta maƙabarta, yadda ba ta taɓa fashi ba. Kotone ta ce sai ta bi ta. Tsohuwa ta dubi Noboru. Shi kuwa ya sa takalmi ya biyo su daga nesa.

"Wane ne a nan?" in ji yarinyar da suka isa.

"'Yata ce."

"Ayya. Wace iri ce?"

Nan Darsinah ta kwance bakin jaka. Ta ba ta labarin yadda Ningrum ke hawa bishiyar mangwaron liman, yadda take tsoron kwaɗi, yadda take dariya har sai ta shaƙe. Inda kalma ta ɓace mata ta cike da hannu. Kotone ta tsuguna tana dariya, ta ce ai ita ma ba ta shiri da kwaɗi ko kaɗan.

"Tana da 'ya'ya?"

"Ɗaya. Mace."

"Tana ina?"

"Nesa. Tana lafiya, ana kula da ita."

Yarinyar ta ɓata fuska. "Amma ba ta kyauta ba. Mu a can, 'ya'ya ne ke wanke kabarin iyayensu duk shekara. Mama ta ce in ba a zo ba mamaci na jin kaɗaici." Ta miƙa hannu. "Kawo butar. Tunda ba ta zo ba, bari ni in yi mata."

Ta zuba ruwa a kan dutsen kabarin, ta cire ɗan hankicinta ta goge shi tas, har cikin ramukan sunan. Ta tsige ciyawar gefe, ta jera furannin, ta haɗa tafukanta ta rufe ido irin na Japanawa. Can baya Noboru ya juya ya kama wata bishiya, kafaɗunsa na rawa.

Kotone ta buɗe ido ta ga fuskar tsohuwa.

"Kin fara kukan kuma! In kin yi waya da 'yar tata, ki ce mata kada ta damu, an wanke."

Darsinah ta laluba duk Japanancin da ta tara, ta ce, "Zan gaya mata. Na gode."

Ta karɓi butar, ta kama hannun yarinyar suka nufi gida, don an kusa kiran magariba.