Ni Na Ce Ya Tsallaka Da Shanun

Edita, a farkon shekarun saba'in, lokacin da kuɗin mai suka fara shigowa ƙasar nan, ni matashin mahauci ne a Agege. Ina da teburina na kaina a kasuwa, ina da ƙarfi, ina kuma da rawar kai, gani nake duk Ikko babu wanda ya fi ni sanin saniya. Yau na tsufa, ko wuƙa na riƙe hannuna rawa yake. Makon jiya muka binne wani bawan Allah da ya haura shekara casa'in, kuma akwai maganar da na yi fiye da shekara hamsin ina ɓoye masa. Ita ce zan faɗa, amma ba zan kama sunan kowa ba.

Mutumin yana da shagon babura kusa da tashar jirgin ƙasa, yana sayarwa yana gyarawa. Ya girme ni sosai, Yaya nake ce masa, shi kuma ba ya kirana sai da ƙanena. Mutum ne mai fara'a da tsokana. In na zo zan zauna a bencin shagonsa sai ya ce in matsa can, kada warin kitse ya kama masa sababbin babura. Abu ɗaya ne ya hana shi zama dattijo tun da wuri, wato tsere. Kowace Lahadi da safe shi da abokansa, Hausawa da Yarbawa, sukan fita wata sabuwar hanya da aka shimfiɗa wa kwalta a bayan gari, ba a kai ga buɗe ta ga motoci ba. Ba kyauta ake ci ba, suna kawai ake nema, kuma sunan kusan kullum nasa ne. Amma duk gudunsa ba shi da ganganci. Shi ya kafa dokar cewa kowace kwana sai an tsayar da mutum da jan ƙyalle, in ya ga wani abu a gaba ya ɗaga, masu tsere su rage gudu. Kwana mafi haɗari ita ce wadda hanyar shanu ke ratsawa, inda masu kora ke bi da garke daga tasha zuwa zango. Ita ya ba ni, ya ce shi kam ransa yana hannun Allah yana hannuna, tunda ni na san shanu.

Ranar da abin ya faru, jirgin shanu da ya kamata ya iso tun Juma'a sai safiyar Lahadi ya shigo. Ina tsaye a kwanata na hango garke ya nufo. Mai korar wani mutumin Nijar ne, dogo, baƙo a zangon, bai fi wata biyu da zuwa ba. Da ya ga jan ƙyalle a hannuna sai ya tsayar da shanun a bakin kwalta, ya gaishe ni, ya tambaye ni ko ya jira. A cikin garken nan akwai shanuna uku da aka saya mini a Arewa. Sun daɗe a tarago babu isasshen ruwa, babban bijimin yana tangaɗi, kumfa na zuba a bakinsa. Duk mahauci ya san abin da wannan ke nufi. In ya faɗi ya mutu kafin a sa masa wuƙa ya zama mushe, babu mai ci, babu mai saye. Na kasa kunne ban ji ƙarar komai ba, sai na ce da mutumin ya tsallaka da sauri, ba a fara ba tukuna. Ya sake tambayata ko na tabbata. Har tsawa na daka masa. Na rataya ƙyallen a kafaɗa, na bar kwanar, na shiga cikin garke ina tura bijimina ta baya.

Muna tsakiyar hanya na ji ƙarar babura. Yaya ne a gaba kamar kullum. Ya shawo kwanar bai ga ƙyalle ba, don haka bai rage ko kaɗan ba. Har yau in na rufe ido ina jin ƙarar da ta tashi lokacin da ya bugi wata saniya. Na bayansa sun samu sun kauce. Shi kuwa babur ɗin ya danne masa ƙafar hagu ya ja shi a kwalta. Kwana uku bayan haka likitoci suka yanke ta daga gwiwa.

Da aka taru wajen sarkin zango a ranar da abin ya faru, mai korar ya faɗi gaskiya, ya ce ya tsaya, ni na ba shi izini. Aka juyo kaina. Edita, a nan na yi abin da ya fi na farko muni. Na ce na ɗaga ƙyalle, na yi masa ihu, ya yi kunnen ƙashi ya koro shanun. Ni ɗan gari ne, kowa ya san mahaifina, shi kuwa ba shi da kowa. Samari suka lakaɗa masa duka, aka ce ya bar zangon kafin la'asar. Bai zage ni ba, kallona kawai ya yi ya ɗauki sandarsa. Bijimina kuwa ya kai mayanka da rai, na yanka, na sayar da namansa tas a ranar.

Yaya bai karaya ba. Aka yi masa ƙafar katako, ya koma shago, ya zauna ya ƙera wa wani babur giyar da ake canzawa da hannu don ya riƙa hawa. Tsere dai ya ƙare masa, sai dai ya je ya tsaya a bakin hanya yana yi wa samari dariya, wai tafiyar jaki suke yi. Ya ga zamani iri-iri. Hanyar nan ta cika da gidaje da motocin haya na danfo, 'yan okada masu baburan haya suka zo suka cika gari, yaran da ya koya wa gyara suka yi furfura a gabansa. Duk tsawon shekarun nan ina kan bencinsa. Shi ya karɓa mini aure, shi ya yi wa ɗana na fari huɗuba. In baƙo ya tambayi labarin ƙafar, yakan nuna ni ya ce ga shaida nan, ƙanensa ya yi iya ƙoƙarinsa, mai shanu ne bai ji ba. Ni kuwa sai in sunkuyar da kai, mutane su ɗauka tausayi ne. Sau nawa na fito daga gida da niyyar in gaya masa, da na iso ya tare ni da tsokana sai in ce gobe. Tsoro nake ya daina kirana ƙanensa.

Da ciwon ajali ya kama shi na je na zauna a gefen katifarsa, na ce a raina yau kam sai na faɗa. Kafin in buɗe baki ya kama hannuna ya ce yana da wasiyya. Ya ce a gadon asibiti ya yi wa mai shanun nan mugun baki, abin ya daɗe yana damunsa, ya sha tambayar fataken Nijar bai samu labarinsa ba. Ya roƙe ni in na taɓa haɗuwa da shi, ko da 'ya'yansa, in gaya musu ya yafe masa duniya da lahira. Mutum yana bakin mutuwa yana yafe wa wanda bai yi masa komai ba, mai laifin yana riƙe da hannunsa. Na ce masa to, zan isar. Abin da na iya faɗa ke nan. Da safe aka aiko mini ya cika.

A wajen jana'iza liman ya roƙi jama'a, duk wanda mamacin ya taɓa ɓata wa rai ya yafe masa. Sahu duka aka amsa an yafe. Ni na kasa, domin ni ne mai neman yafiya, wanda zai ba ni kuwa ga shi nan a gabana cikin likkafani. Mai korar shanun ma ban san sunan garinsu ba, balle in je in durƙusa masa.

Na gane cewa da na faɗi gaskiya a gaban sarkin zango, da na sha kunyar wata ɗaya, wataƙila da duka, amma da yanzu ina barci. Ina kira ga duk wanda aka ba amanar tsayuwa a wani wuri domin ran wani, kada ya matsa don abin hannunsa. In kuwa kuskure ya riga ya auku, kada ka ɗora shi a kan baƙo don ka ga ba shi da mai tsaya masa. Kuma in akwai wanda kake ɓoye wa irin tawa, ka tashi ka je yau tun yana iya jin ka. Ni na bari sai da aka rufe shi da ƙasa.