Farar Kokwamba a Lambun Kaka

Da na ɗaga ganyen sai na ga kokwambar fara sol. Shekara guda ke nan da rasuwar kakata, kuma irin da ta bari ne na shuka a lambunta na Galma. Nata kullum kore shar yake fitowa.

Maƙwabciyarmu ta leƙo ta ce, "Ke ɗiya, wagga ta sha maganin ƙwarin albasa! Kin ci?"

Sati guda ina cin kokwambar wurin, ga ni da cikin wata biyar.

Na zauna bakin rijiya, na rasa wanda zan tambaya. Kaka ce ta san lambun. Ina tuna ta durƙushe da hantsi, hannunta na ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa, tana ɗaura tsumma a kokwambar da ta fi duhun kore. "Wagga ta iri ta, kak ki taɓa," in ji ta. Ban taɓa tambayarta dalili ba. Mun karanta gadon halitta a koleji, amma tsoro ya share komai.

Kwana biyu hannuna na kan cikina, ina jiran motsi. A na uku da azahar malamin gona ya zo, ya yanka farar, ya ci a gabana.

"Ba guba ba ta, ƙanwata. Hwarin ɓoye yake cikin irin, sai ya gamu ta uwa da uba yake hitowa. Ke da cikin naki, ku duka lahiya lau."

Sai lokacin na iya kuka.

Allah ya haskaka kabarinki, Kaka, ya sa abin da ke cikina ya gaji natsuwarki, don ni ban same ta ba.