Kofin da ke Hannun Kawu

Da Kawu, wan mahaifiyata, ya kusa cika shekara tamanin, dangi suka ɗora mini rubuta taƙaitaccen tarihinsa da za a karanta a walima. Gama digirina ke nan, kuma an san ni da ƙin rubuta abin da ban tabbatar ba. Game da zamanin ɗalibcinsa a London, magana ɗaya yake maimaitawa: daga ɗaki sai laburare, daga laburare sai ɗaki.

A makon ne wata abokiyar karatuna ta turo mini wani tsohon fim na 'yan hipi, matasan Turawan nan masu tara gashi da suka bijire wa tarbiyyar iyayensu. Fim ne marar kan gado: launuka suna narkewa cikin juna, hayaƙi ko'ina, ba a gane mafarki daga ido biyu. Can wajen tsakiya aka nuno taro a wani lambu, kowa ya baje a kan darduma da takalminsa. Sai ga wani baƙin saurayi da furanni a wuya. Ya tuɓe takalma a bakin dardumar, ya jera su. Aka miƙo masa kofi ta hagu, ya juyo ya karɓa da dama, bai kuwa kai baki ba sai da ya tsuguna.

Na yi ta maimaita wurin. Fuskar ba ta fito sosai ba, sunan Kawu kuma ba ya cikin jerin da ke ƙarshen fim, saboda haka ba zan rantse cewa shi ne ba. Amma haka Kawu yake jera takalmansa, kuma ban taɓa ganin ya sha ruwa a tsaye ba.

Na same shi a gidansa da ke unguwar Catford a London bayan la'asar, na kunna masa.

"Kawu, ko kun san wannan mutumin?"

"Ni kaɗai ne baƙi a garin nan a lokacin?" in ji shi. "Kai dai an kai ka makaranta ka dawo ɗan sanda."

"Saboda rubutun ne. Ina gudun in karanta wa jama'a abin da ba haka ba."

Ya gyara tabarau, ya ce in mayar baya. Sau biyu ya sa na mayar. Ya daɗe yana duban takalman kafin ya yi magana.

"Ruwa ne a kofin. A gabana na sa aka yi changing ɗinsa, aka zubar da na ciki aka zuba ruwa."

Ran walima na karanta cewa Kawu ya yi mafi yawan kwanakinsa na ɗalibci a laburare. "Mafi yawan" ɗin ni na ƙara, ya kuwa ɗago ya dube ni. Batun ruwa ban sa ba, domin har yau ba ni da shaida a kansa sai tasa.