Binnen da Wayata Ta Sa Muka Yi

A bazarar da na sayi wayar shafawa a Daura, ta hannu ce amma fes da ita, na koma ƙauyenmu na bayan Sandamu ina ji da kaina kamar ni aka ba ajiyar damina. Ran Talata na buɗe ta a gindin darbejiyar ƙofar gida. Ta ce jibi za a yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, da iska mai ƙarfi, da dusar ƙanƙara a kan duwatsu. Zancen ƙanƙarar na haɗiye shi, tunda mu ko tudun kirki ba mu da shi. Sauran kuwa na karanta wa dattawa da babbar murya.

Baba ya ɗaga kai ya dubi gabas. Ya ce, "Shamuwa ba ta iso ba. Gawo ma bai fara zubar da ganye ba."

Na ce, "Baba, wannan da tauraron ɗan'adam take gani. Shamuwa ai tsuntsuwa ce kawai."

Aka yi dariya, shi bai yi ba. Ya san ruwa bai kusa ba, amma ba zai ƙaryata ɗansa mai karatu a gaban mutane ba. Washegari ya sauko da damman irin geronsa, wanda ya gada tun daga kakanmu, aka sussuke. Muka yi binne, wato muka zuba iri a busasshiyar ƙasa ya jira ruwa. Ni na matsa aka shuke shi kaf, don kada a yi asarar albarkar Alhamis.

Alhamis ta zo da rana mai narka kwalta. Bayan kwana shida aka yi ɗan yayyafi, daidai wanda zai yaudari iri ya tsiro. Ya tsiro kuwa, kore shar, sannan rana ta bi shi layi-layi ta ƙone.

Na koma Daura a fusace wurin ɗan kudun da ya sayar mini da wayar. Ya latsa sau biyu ya miƙo mini. Ashe har yanzu tana ba da labarin garin tsohon mai ita ne, can ƙasar Turawa. Ruwansu ya sauka daidai lokaci, har da ƙanƙarar.

Da damina ta kankama, Baba, wanda tun tasowata ƙofarsa ake zuwa neman iri, ya ɗauki ƙwarya ya nufi gidan maƙwabcinmu. Na bi shi a baya, kunya kamar ƙasa ta tsage in shige. Maƙwabcin ya auno masa, yana kallona ta wutsiyar ido, ya ce, "Malam, yaya aka yi haka ta same ka, kai da muke duba gonarka kafin mu fita da sungumi?"

Baba ya karɓi ƙwaryar da hannu biyu. Ya ce, "Tsufa ne. Ni na yi gaggawa."