Halliru Dogo da Mangwaron Gonar Ubansa

Duk wanda ya bi ta ƙauyenmu a ƙasar Roni lokacin nunar mangwaro zai ga wani dogo kamar giginya cikin lambu, yana tsinkowa da hannu inda wasu ke neman gora. Halliru Dogo ke nan. Danga ɗaya ce tsakanin gidanmu da nasu, kuma har yau in na gan shi a lambun nan sai raina ya ɓaci.

Ubansa ya rasu ya bar masa gona ɗaya tal a bakin fadama. Da ita yake ci, da ita ya auri Dela, kuma ba ta taɓa ba shi kunya ba.

Sai kuɗin mai suka zubo ƙasa. Akwai wani ɗan kwangila a Kazaure, Alhaji Maikasuwa, da arziki ya yi wa yawa har ya rasa inda zai kai shi. Ya je Legas ya ga ana ƙwallon kwando, ya dawo ya ce shi ma sai ya yi ƙungiya. Ya malala siminti a fili, ya kafa ƙarafa biyu masu zobe, ya ɗauko wani malamin makaranta mai suna Peter ya zama koci. Aka raɗa wa ƙungiya suna Gaggafa. Peter ya shiga kasuwanni farautar dogaye, a Roni ya ci karo da Halliru yana sayar da albasa.

Gaskiya ɗaya ce, Halliru ya iya. Mutumin da bai taɓa sa takalmi mai igiya ba, kafin shekara ta zagayo in ya ɗaga ƙwallo babu mai kai masa. Ga albashi duk wata, wai don wasa kawai! Suka ci Katsina, suka ci Gusau, yara na bin motarsu suna ihun "Dogo! Dogo!"

Amma wasa bai san damina ba, sai Halliru ya ba Hussaini, maƙwabcinsa na gona, aronta. Kowa a nan ya san ƙa'idar aro. Ka shuka gero, ka shuka dawa, amma ba ka dasa itace, domin itace na wanda ya dasa ne har jikokinsa.

Hussaini kuwa ya san lokacin da ake roƙo. Ya bari sai ranar da Halliru ya zo gida da kofin gasar da suka ci, cikin jar rigar wasa, dattawa zaune a ƙofar mai gari.

"Dogo, rana na gasa ni a gonar nan," in ji shi. "Ko in dasa 'yan mangwaro don inuwa?"

Halliru ya tuntsire da dariya. "Dasa ko kuka ce, Malam Hussaini. Ni da fartanya ai mun yi hannun riga."

Mai gari ya dube shi. "Yaro, ka ji abin da bakinka ya faɗa kuwa?"

"Na ji, ranka ya daɗe."

Dela ta kwana ba ta yi masa magana ba, shi ko a jikinsa.

Bayan 'yan shekaru farashin mai ya faɗi, kwangila ta ƙafe. Alhaji ya sayar da motar 'yan wasa, ya ce shi dama ƙwallo ba ta taɓa burge shi ba. Peter ya koma aji. Filin siminti ya zama wurin shanyar barkono.

Halliru ya dawo gida ya tarar da aikin gama ya gama. 'Yan mangwaron da aka roƙa sun cika gona daga iyaka zuwa iyaka. Ya kai kuka gun mai gari, aka ce masa ƙasa tasa ce, itace na Hussaini ne, kuma da bakinsa ya bayar gaban shaidu. To, gero ba ya yi a inuwa, sare itacen wani kuwa sai gaban alƙali.

Da yunwa ta matsa wa gidan Halliru, Hussaini da kansa ya zo, wai tausayi.

"Zo ka riƙa tsinko mini, Dogo. Wanda gora ta kaɗo fashewa yake, 'yan Kano na hannu suke so."

Ya karɓa, me zai yi? Sharaɗi ɗaya aka gindaya masa. Kada ya kuskura ya jefa mangwaro cikin kwando, ko da taku ɗaya ne tsakaninsu. Sai dai ya sunkuya ya ajiye.