Allon da Ya Rage a Shagona

Wani direban Maraɗi ne ya jefo min shi cikin kwalin kayan gwanjo. Ɗan allon kwamfuta ne, bai fi tafin hannu ba. Ina da shagon cajin waya a Jibiya, sai na ce bari in sa shi ya riƙa lura min da batiran sola, don sun sha mutuwa ban sani ba.

Allo ya tashi lafiya lau, amma ɗan guntun ƙarfen da ke auna wuta ko gezau. Shi kanel, wato zuciyar manhajar da ke tafiyar da allon, ba ya magana da na'urar da ba a rubuta masa bayaninta ba. Na yi ta fama har na kusa buga shi da ƙasa. Wa zan tambaya? Maƙwabcina mai shayi kullum sai ya leƙo ya ce, “Malam, har yanzu rediyon taka ba ta kama ba?”

A zauren intanet na masu gyaran kanel na kai kukana da guntun Turancina. Mutum ɗaya ya kula ni, wanda ya fara rubuta wa na'urar bayaninta tun asali, bai ƙarasa ba. Ya ce nasa allon ya daɗe da ƙonewa, kamfanin ma ya daina yi. Shi yana da ilimin, ni ina da allon. Sai ya gyara ya turo, ni in gwada in ce masa ya yi ko bai yi ba. Ran da lambobin wuta suka fito, na daka tsalle a shago ni kaɗai kamar taɓaɓɓe.

Muka yi shekara da shekaru a haka. Duk sabon kanel da ya fito sai ya ce in gwada. Ban san fuskarsa ba, ban san garinsu ba. Sau ɗaya ya tambaye ni ko zafin wajenmu ba ya dafa allon, na ce mu ma yana dafa mu. Wallahi duk faɗin Jibiya babu wanda ya san abin da nake yi sai wannan baƙon.

Ana nan aka ɗauke mana sabis saboda rashin tsaro. Mai son waya sai ya tafi Magama, bakin iyaka, ya laluɓi rezon Nijar, wato sabis ɗinsu. Na daɗe ban je ba, ina cewa ai mutumina zai jira. Da na je, na tarar da jama'a kowa ya ɗaga waya sama, wannan na kiran uwarsa, wancan na faɗa da ƙaninsa. Na raɓe gefen wata tirela na buɗe tawa.

Babu saƙonsa. Sai na wani da ban sani ba, yana sanar da zaure cewa mutumin ya rasu, kuma za a cire aikinsa daga kanel tunda ga alama babu mai amfani da allon a duniya. In akwai, ya yi magana.

Raina ya ɓaci. Babu mai amfani da shi? To ni fatalwa ce? Nan take na rubuta cewa allon na nan, yana aiki, yau da safe ma ya nuna min batir ɗaya ya yi sanyi. Saƙon ya ƙi tafiya, sai da na hau bayan tirelar, yaran mota suna yi min dariya.

Amsa ta zo bayan na sake komawa. Sun ce za su bar aikin nasa, muddin zan ci gaba da gwadawa. Ina gwadawa har yau, ina tura musu cewa ya yi. Ba mai tambayata zafi.

Da yammar ranar da na ga sanarwar na zauna a bencin mai shayi na kasa shan komai. Ya dube ni ya ce, “Lafiya dai?”

Na ce, “Abokina ne ya rasu.”

Ya ajiye kofi, ya yi salati, ya ce, “Ashsha! Ɗan wace unguwa ne? Mu tashi mu je gaisuwa.”

Na buɗe baki, na rasa inda zan ce mu je.